Littafin "Babu": Bin Diddigin Kwantai a Shagon Yaya

3 ga Maris, 2025

Yau dai na fara aikin da Yaya ta daɗe tana yi mini gorin cewa a baki kawai na iya shi. Shagonta na tufafi ƙarami ne, nata na kanta, ba reshen wani kamfani ba. Ita ke sari, ita ke sa kuɗi, ita ke zaɓen abin da za a sa wa mutum-mutumin bakin gilashi. Ana shiga ana fita, ana ciniki, amma duk ƙarshen wata sai ta ce ba ta ga inda kuɗin suka shiga ba. Na ce ta ba ni wata shida in zauna in kalli masu saye, in haɗa da abin da ke gudana a babbar kasuwar tufafi ta duniya, mu gano inda tulun yake yoyo. Ta ce, "Ke dai kada ki kore mini kwastomomi da tambayoyinki."

Ƙidaya na fara yi. A sito na tarar da riguna har yanzu cikin ledarsu, wasu ita kanta Yaya ta manta yaushe suka zo. Daga yau duk abin da ya shigo, za a rubuta ranar zuwansa a bayan takardar farashi. Na kuma juya duk hangogi baki ya kalli bango. Rigar da aka ɗauka aka kai ɗakin gwaji, idan ta dawo sai a rataye ta baki na kallon waje. Ina so in raba rigar da ba wanda ya ko taɓa da wadda aka gwada aka ajiye, domin ciwonsu ba ɗaya ba ne.

11 ga Maris

Mun yi lissafi a bayan kwali. Abin da yawancin ƙananan shagunan tufafi ke yi shi ne su ninka kuɗin sari sau biyu, wani lokaci da ɗan ɗori. Da jin haka mutum sai ya ce ai rabi riba ce. To a ce an saro riga 10. Sai an sayar da 5 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a ci ko sisi ba tukuna. Idan 6 suka tafi a cikakken farashi, 2 aka karya su rabi, wato a kuɗin da aka saro su, 2 suka kwanta, abin da ya hau kan jari bai wuce kuɗin sarin riga 4 ba. A cikinsa za a cire haya, wuta, albashin yarinyar shago, leda, dakon kaya. Rigunan nan biyu da suka kwanta kuwa, a littafi dukiya ce, amma mai gida ba ya karɓar riga a kuɗin haya.

Yaya ta kalli kwalin ta ce ta san wannan tun ina goye. Gaskiyarta. Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne waɗanne riguna ne "biyun" nan a kowane sari, da kuma ko ana iya gane su kafin a biya kuɗinsu.

18 ga Maris

Shekaranjiya kamfanin da ke gudanar da shagunan Forever 21 a Amurka ya shigar da takardar karyewa, karo na biyu bayan na 2019. A takardun kotu ya ambaci Shein da Temu, manhajojin sayar da kaya masu araha a intanet, a cikin abin da ya durƙusar da shi. Da na karanta wa Yaya sai ta ce, "Manya ma suna faɗuwa, balle mu." Ni kuwa wani abu na gani dabam. Forever 21 da araha da sauri ya yi suna, sai aka sami wanda ya fi shi araha ya fi shi sauri.

Wannan tsere ya daɗe. Amancio Ortega ya buɗe shagon Zara na farko a 1975 a garin A Coruña na ƙasar Sifen, kuma abin da ya ɗaga kamfanin shi ne ƙin jibga kaya. Ana kai wa shagunansu sabon kaya sau biyu a mako, kaɗan-kaɗan, manajojin shago suna mayar da labarin abin da ake nema, a ɗinka a kawo cikin 'yan makonni. Shein ya zo ya ƙara matse abin: kamfanin da bakinsa yana cewa sabon samfuri guda 100 zuwa 200 kawai ake fara ɗinkawa, a sa a manhaja a ga ko zai tashi. In ya tashi a ƙaro, in bai tashi ba an yi asara ƙarama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗannan ƙattai, da duk kuɗinsu, tsoron kwantai suke yi fiye da mu. Ba sa yarda da zato, gwaji suke yi. Mu masu jarin da bai taka kara ya karya ba, mu ne ke sayen dozin uku na abu ɗaya saboda dila ya ce yayinsa ake yi kuma zai yi mana ragi.

29 ga Maris

Kwana goma ina zaune a kujerar kusa da kanta ina kallon ƙofa. Yaya tana sa sabbin kaya daidai bakin shiga, don a fara cin karo da su. Ba a cin karo da su. Mai shigowa tana gyara jaka, tana sa waya a aljihu, idonta na sabawa da hasken ciki, kafin ta dawo hayyacinta ta wuce su da taku uku. Wani Ba'amurke mai suna Paco Underhill, wanda ya kafa kamfanin Envirosell ya kuma shafe shekaru yana ɗaukar hoton yadda mutane ke zagaya kantuna, ya daɗe da bayyana cewa 'yan takun farko bayan ƙofa kusan mataccen wuri ne. Shi ne kuma ya lura cewa mai duba kaya, musamman mace, idan masu wucewa suna gogar ta ta baya, tana barin kayan ta yi gaba ko da tana so.

Na biyun nan na gani da idona. Tsakanin maratayin siket da na wanduna hanya ce ta mutum ɗaya. Wata mata ta ɗago siket tana duba ɗinkin kalmasarsa, aka ce mata "gafara dai" sau biyu, a na uku ta mayar ta fice. Mun matsar da sabbin kaya ciki kaɗan, mun cire maratayi ɗaya ɗungurungum. Yaya ba ta so ba, ta ce shago zai yi kamar an kusa tashi.

16 ga Afrilu

Na sayo ƙaramin littafi na ajiye a ƙarƙashin kanta, na rubuta "Babu" a bangonsa. Duk wadda ta nemi abu muka ce babu, a rubuta: me ta nema, wane saiz, wane launi. Littafin ciniki yana faɗin abin da ya fita ne kaɗai, bai san wadda ta zo da kuɗinta ta koma da su ba.

Na kuma roƙi yarinyar shago ta daina tarar mutane da "Me kike nema?" Amsar kullum ɗaya ce, "Dubawa kawai nake yi," daga nan kuma bakin kowa ya mutu. Gaisuwa ta isa. A bar mutum ya taɓa kaya tukuna.

5 ga Mayu

Ranar 2 ga wata Amurka ta soke sassaucin da ke barin ƙananan ƙunshin kaya da ba su wuce dala 800 ba su shiga daga Sin da Hong Kong ba tare da kuɗin fito ba. Da wannan ƙofa Shein da Temu suke aika wa mutum riga ɗaya har gida a farashin da mai shago ba zai iya ba. Masu ƙananan shaguna a can wasunsu na murna, sai dai da yawansu su ma kayan nasu daga masana'antun Sin suke fitowa, kuma harajin da aka ƙara wa kayan can bai bar su ba.

Ko da farashin manhaja ya tashi, ɗabi'ar da ta koya wa mutane tana nan. Jiya wata budurwa ta ɗauki hoton wata doguwar riga, ta tsaya a gabanmu tana neman irinta a waya da hoton. Yaya ta cika ta yi fam. Ni dai na matsa na ce, "Ƙanwata, kin same ta?" Ta yi dariya ta nuna mini: ga mai kama da ita, ta fi araha nesa ba kusa ba. Na ce ta taɓa yadin tamu, ta gwada in tana so, ba dole. Ta gwada, ba ta saya ba. Ban ji haushi ba, domin na koyi abu ɗaya: rigar da hoto zai iya nemo irinta cikin daƙiƙa biyar bai kamata mu saro ta ba tun farko. Na yi wa irin waɗannan alama a ƙidaya, kuma sun fi yadda nake zato.

24 ga Mayu

Yau na bi hangogi ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka zan tarar yawancin kwantai ba a taɓa su ba, wato zaɓen Yaya ne bai yi ba. Ashe ba haka ba ne. Akwai waɗanda ba a taɓa ba, amma tarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na waɗanda hangarsu ta juya, wasu ma an sha kai su ɗakin gwaji suna dawowa. Ido ya so su, jiki ya ƙi. Da na buɗe littafin "Babu" sai maganar ta haɗu: shafi bayan shafi, abin da ake nema ba wani sabon samfuri ba ne, wannan rigar ce dai da ke rataye, amma saiz na gaba. Dila yana ba da kaya a jere daga ƙarami zuwa babba daidai wa daida, masu shigo mana kuwa ba haka jikinsu ya rabu ba. Manyan saiz suna ƙarewa a makon farko, ƙanana su zauna suna shan ƙura, mu kuma mu ce rigar ba ta karɓu ba.

Lambar da ke wuyan riga ma ba abin dogaro ba ce. Wajen 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000 don a fitar da ma'auni ɗaya, kuma da awon fararen fata kaɗai aka yi lissafin. Aka fitar da ƙa'ida a 1958, aka janye ta a 1983. Tun daga nan kowane kamfani da nasa awon, wasu ma da gangan suke rage lambar don mai saye ta ji daɗi. Shi ya sa mace ɗaya za ta sa 12 a nan, 16 a can.

Na shiga ɗakin gwajin namu na ja labule na tsaya kamar baƙuwa. Labulen bai rufe gefe ɗaya ba, sai an riƙe da hannu. Ƙwan fitila ɗaya ne daga sama, yana zubo inuwa ƙarƙashin ido, kowa ya kalli madubi sai ya ga kamar ya tashi daga jinya. Ƙusa ɗaya ce a bango, ita za a rataya wa jaka da kayan jiki da wanda za a gwada. Ba wurin zama. A nan ake yanke shawarar saye ko bari, kuma nan ne lungun da ba a taɓa kashe wa komai ba, alhali gilashin gaba an yi masa fenti sau biyu.

Mun sauya labule, mun sa fitila a gefen madubi, ƙugiya uku, da 'yar kujera. Abin da ya fi duka shi ne yarinyar shago ta riƙa tsayawa kusa. Ɗazu wata mata ta shiga da riga, shiru ya yi yawa. Yarinyar ta ce daga bayan labule, "Anti, in kawo miki na gaba da shi? Ɗinkin wannan kamfanin yana da matsi a kafaɗa." Aka ɗan yi jim, sai aka ce, "Kawo." Da a da ne, matar nan sai ta mayar da kayanta, ta fito ta ce za ta dawo, kuma ba za ta dawo ba. Dubi yadda yarinyar ta ɗora laifin a kan ɗinki, ba a kan jikin matar ba. Ba ni na koya mata wannan ba.

20 ga Yuni

Yaya na biyan kuɗin talla a Instagram da Facebook lokaci-lokaci. Na tambayi sababbin fuskoki yadda suka san shagon, kusan duk amsar ita ce wata ce ta faɗa musu, ko sun ga rigar a jikin wata. Tallar intanet ta yi wa ƙananan 'yan kasuwa wuya tun Afrilun 2021, lokacin da Apple ya sa sai mai waya ya amince kafin manhaja ta bi sawunsa. Kamfanin Meta, mai Instagram da Facebook, da kansa ya ce abin zai rage masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Idan mai dandalin bai ga masu saye sosai ba, mai biyan talla lalube yake yi a duhu.

Mun dakatar da tallar wata ɗaya. A madadinta, idan kaya suka zo Yaya na buɗe littafin "Babu", ta aika wa mace saƙo ita kaɗai: abin nan da kika nema ya zo a saiz ɗinki, na ajiye miki zuwa jibi. Ba hoto ashirin a zuba wa kowa ba. Wannan ne abin da ya fi saurin kawo ciniki a duk gwaje-gwajen da muka yi, kuma sai da na nemi izinin kowace kafin na rubuta lambarta.

Masu oda ta waya kuma sun fara ce mana a aiko saiz biyu su zaɓa su dawo da ɗaya. Manyan kamfanoni ne suka saba musu da haka, ga shi su ma sun gaji: Zara ya fara cajin kuɗi a kan mayar da kaya ta masinja a Ingila a 2022. Mu dai mun zaɓi mu auna kowace riga da tef, ƙirji da ƙugu da tsawo, mu rubuta a ƙarƙashin hotonta.

9 ga Yuli

Gwanjo ya zama kasuwar gaske a intanet. Dandalin gwanjo na Vinted ya faro daga Lituwaniya a 2008, kamfanin kasuwar intanet Etsy ya sayi wani irinsa, Depop, a 2021 kan kusan dala biliyan 1.6. Na matsa wa Yaya muka ware maratayi ɗaya na kayan da kwastomomi suka sa suka gaji, mu sayar mu raba. Mako uku muka janye. Dubawa da wanki da gardamar farashi sun ci lokacin da ba mu da shi, kuma masu shigo mana ba shi suke nema ba. Kuskurena ne, na ga yayi a labarai na ɗauka namu ne.

4 ga Agusta

Mun yi faɗa a kan ragi. Yaya ta saba duk ƙarshen wata ta manna takardar rangwame a gilashi, kuma na ji da kunnena wata na ce wa ƙawarta, "Bari sai ƙarshen wata." Mun koya musu jira da hannunmu. Na ce a daina kwata-kwata. Sai na tuna da J.C. Penney, wani babban kamfanin kantuna a Amurka. A 2012 sabon shugabansa Ron Johnson, wanda ya zo daga shagunan Apple, ya soke yawan rangwame da takardun ragi ya sa farashi ɗaya tsayayye. Ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, a Afrilun 2013 aka sallame shi. Mutane suna son jin cewa sun yi dace, ko da lissafin bai bambanta ba.

Don haka ba mu soke ba, mun sauya masa tsari. Ranar da ke bayan takardar farashi ita ke magana yanzu. Rigar da ta yi mako takwas ba ta motsa ba sai ta koma maratayin baya da ɗan ragi. In ta ƙara huɗu a karya ta sosai a rabu da ita, ko da a kuɗin sari ne. Sabon kaya ba ya shiga ragi ko wane wata ne. Yaya tana jin zafin sayar da abu ba riba, na gane, amma rigar wata takwas ba za ta ƙara daraja a na tara ba, kuma wurin da ta tare akwai mai jiran sa.

1 ga Satumba

Wata shidan sun cika, aikin bai cika ba. Ranar 29 ga Agusta Amurka ta faɗaɗa soke sassaucin nan na ƙananan ƙunshi zuwa kayan duk ƙasashe, za mu ga yadda farashin sari zai kasance nan gaba.

Jiya muka zauna rubuta odar kaya masu zuwa, karo na farko da littafin "Babu" a buɗe a gabanmu. Samfura sun fi na da yawa, amma kowanne guda kaɗan, manyan saiz sun fi ƙanana, kuma mun riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sari ba mu taɓa ba, don ƙaro abin da ya tashi. Dila ɗaya ya yarda ya fasa jerin saiz ɗinsa da ɗan ƙari a kan kowace riga. Ɗayan ya ce ko a ɗauki jeri cikakke ko a bari. Na karanta wa Yaya yadda dandalin sari na Faire, wanda aka kafa a Amurka a 2017, ke ba masu shago a ƙasashen da yake aiki kwana 60 kafin su biya, da damar mayar da odar farko in ba ta shiga ba. Ta ce in je in karanta wa dilan, ba ita ba.

Akwai wata jaket mai ruwan ƙasa da ta nace sai an saro dozin guda. Babu ta a littafi, ba wadda ta taɓa tambaya. Na ce uku, ta ce, "Ke littafi kike karantawa, ni shekara nawa ina kallon fuskokinsu." Mun tsaya a shida. Na rubuta ranar a gefe, kuma ban da tabbacin ni ce mai gaskiya, domin littafin "Babu" abin da mutane suka riga suka san suna so kaɗai yake kamawa.

Abin da ya rage: har yanzu ba mu ƙirga masu shigowa, don haka ban san ko cikin goma nawa ke saye ba. Gobe zan ajiye kwalba da tsakuwoyi a kanta, duk wadda ta shigo a jefa ɗaya, da yamma mu gwada da yawan rasit. Ƙidaya ta gaba ranar 29 ga wata.